Shirin da Ya Ƙidaya Kansa

A ajin ƙarshe na wata makarantar firamare akwai wata yarinya da kowa ke kira Walƙiya. Saurinta ne ya jawo mata sunan. Kafin ka ce mata "je ki" ta kai bakin ƙofa. Kafin ka faɗi abin da za ta ɗauko ta dawo hannu rabbana, tana tambayar me ma aka ce.

Ba ta iya zama wuri guda. In tana zaune, ƙafarta na rawa. In an hana ƙafar, sai yatsu su kama kiɗa a kan tebur. Mamanta takan ce da kujera na da baki, da tuni ta kai ƙarar yarinyar nan.

Wadda suke zama benci ɗaya kuwa ana ce mata Shiru-Shiru. Ita maganarta sai ka kasa kunne, ka kuma riƙe numfashi. Amma in ta kama fensir, duk ajin babu mai hannunta a zane. Kowa na mamakin yadda su biyun suka zama ƙawaye. Babu abin mamaki a ciki. Walƙiya tana yin maganar mutum biyu, Shiru-Shiru tana yin sauraron mutum biyu, shi ke nan zama ya yi daɗi.

A zangon ƙarshe, malamar kwamfuta ta zo da wata shawara. Ta ce tunda sun kusa rabuwa, a yi littafin zane na aji. Kowane ɗalibi zai yi zane ɗaya. Ita za ta ɗauki hoton kowane zane da wayarta, ta zuba a folda guda, wato jakar ajiya ta cikin kwamfuta. Daga nan a tura wa mai buga littattafai. Su talatin da takwas ne a ajin, don haka shafi talatin da takwas, kowa da nasa.

Kowa ya yi murna, amma babu wanda abin ya shiga ransa kamar Shiru-Shiru. An canza wa babanta wurin aiki. Da an rufe makaranta za su tashi zuwa wani gari mai nisa. Sauran za su iya haɗuwa a sakandare, ita kuwa babu wannan. Shafinta a littafin shi ne abin da za ta bar musu.

Walƙiya ta gama nata zanen tun ranar farko. Ta ce doki ta zana, kodayake wasu sun rantse akuya ce. Shiru-Shiru ta yi ta nata a hankali, tana rufe shi da hannu, ko ƙawarta ba ta bari ta leƙa ba.

Ranar ɗaukar hotuna, fentin zanenta bai bushe ba. Malama ta ce ta shimfiɗa shi a saman kabad, in ya bushe ta tuna mata. Sai aka kira Malama ofis, wani aiki ya bi wani, abin ya fita ranta. Shiru-Shiru kuma ba irin yaran da ke tuna wa malami magana ba ce. Ta dai sa a ranta cewa wataƙila an ɗauka ba ta nan.

Da lokacin turawa ya yi, Malama ta tara su a ɗakin kwamfuta. Ta ce tana son wanda zai rubuta ɗan shirin da zai ƙidaya hotunan da ke cikin foldar. Shiri shi ne 'yan layukan umarni da ake rubuta wa kwamfuta ta bi, kuma sun fara koyonsa a zangon da ya wuce.

Malama ba ta rufe baki ba hannun Walƙiya ya kai sama. Kafin a ce ta zo, ta riga ta zauna gaban kwamfutar.

Layi uku ta rubuta. Na farko ya ce a buɗe folda. Na biyu ya ce a ƙidaya duk abin da ke ciki. Na uku ya ce a faɗi adadin. Kwamfuta ta tambaye ta inda za ta ajiye shirin. Wa ke da lokacin neman wuri? Ga foldar hotuna a buɗe, sai ta jefa shi ciki kawai, ta danna.

Lamba ta fito a allon: 38.

Ajin ya tafa. Walƙiya ta miƙe tana fasa kai. A daidai lokacin aka kaɗa ƙararrawar tara, yara suka fara gudu waje da igiyar tsalle.

Malama ta ce, "Tsaya tukuna. Hotuna ne duka talatin da takwas ɗin? Kin buɗe kin gani da idonki?"

"Eh, Malama," in ji Walƙiya. Idonta na bakin ƙofa. Ba ta buɗe komai ba, amma a ganinta ai kwamfuta ba ta ƙarya, to me za a tsaya dubawa?

Tana shirin fita Shiru-Shiru ta ja hannun rigarta, ta ce a hankali, "Nawa fa?"

"Talatin da takwas, cif-cif," Walƙiya ta amsa, ƙafarta ɗaya tuni tana waje.

Shiru-Shiru ta buɗe baki za ta ƙara magana, amma babu wanda za ta yi wa. Malama ta tura foldar a ranar.

Bayan 'yan kwanaki, mai buga littattafai ya aiko da kwafi ɗaya na gwaji, don a duba kafin ya buga sauran. Aka yi ta rububinsa. Wannan ya ga motarsa, wancan ya ga jirginsa. Walƙiya ta ga dokinta, ta yi tsalle, aka sake gardamar akuya.

Littafin ya zo hannun Shiru-Shiru a ƙarshe. Ta buɗe shafi-shafi har bango. Ta dawo farko ta sake. Sannan ta rufe shi, ta ajiye a kan benci, ta ɗora hannuwanta a cinya.

Malama ce ta lura. Ta ɗauki littafin ta ƙidaya shafukan da kanta. Talatin da bakwai. Ta ɗaga kai ta dubi saman kabad, sai ga gefen takarda yana leƙowa. Ta dafe goshi.

"Wannan mantuwar tawa ce," ta ce wa Shiru-Shiru. "Ki yi haƙuri, ban ɗauki hoton zanenki ba." Sannan ta juya ga Walƙiya. "Amma ke kin ce mini talatin da takwas."

Walƙiya ta fara rantse-rantse. Ta ce ba ita ta faɗa ba, kwamfuta ce ta faɗa, kowa ma ya gani. Ta ce wataƙila mai bugun ne ya yar da shafi ɗaya. Ta ce wataƙila kwamfutar ta tsufa. Malama ba ta ja da ita ba. Ta ce kowa ya tashi a tafi ɗakin kwamfuta.

Can ta zaunar da Walƙiya, ta ce ta buɗe foldar, ta bi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wannan aiki ya yi wa Walƙiya wuya fiye da shara. Ƙafarta sai rawa take yi. Hoto, hoto, hoto. Ta kai talatin da bakwai. Saura abu ɗaya a can ƙasa, kuma ba hoto ba ne.

Shirinta ne. Wanda ta jefa cikin foldar don kada ta ɓata lokaci.

Wani yaro a baya ya ce, "Wato shirin ya ƙidaya har da kansa?" Ajin ya fashe da dariya. Wani ya ce a ba shirin shafi shi ma, tunda ya zama ɗan aji.

Walƙiya ta ji kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta waiga tana neman ƙawarta, ba ta cikin masu dariya, ba ta ma cikin ɗakin. Da suka koma aji, saman kabad babu komai. Shiru-Shiru ta naɗe zanenta ta sa a jaka, ta kuma matsa can ƙarshen benci.

Malama ta kira mai bugu a waya. Ya ce yana da wasu ayyuka a layi. Gobe da rana zai ɗora nasu a inji. In hoton ya iso kafin nan, to. In bai iso ba, littafi zai fita yadda yake, kuma in an buga an buga.

Malama ta ce wa Shiru-Shiru ta kawo zanen a ɗauka yanzu. Yarinyar ta girgiza kai. Ta ce a bar shi kawai, ba komai. Malama ta lallashe ta, ta ƙi. Da aka tashi, ta ɗauki jakarta ta tafi gida ita kaɗai.

Mai shiru in ya ce ba komai, to akwai komai. Ko Walƙiya ta san wannan.

A gida Walƙiya ta kasa zama ta kasa tsayuwa. Ta shiga ɗaki, ta fito. Ta ɗebi ruwa, ta manta ba ta sha ba. Ta buɗe jakar makaranta, ta rufe. Mama tana kan keken ɗinki tana kallonta ta gefen ido. Da yarinyar ta wuce karo na barkatai har ta yi tuntuɓe da kwandon yadi, Mama ta tsayar da keken.

"Zo nan ki zauna. Yau rawar ƙafar taki ba irin ta kullum ba ce. Me ya faru?"

Walƙiya ta kwashe labari ta faɗa, da sauri, tana haɗa farko da ƙarshe. Sai da Mama ta sa ta maimaita kafin ta gane. A ƙarshe yarinyar ta ƙara da cewa duk laifin kwamfuta ne.

Mama ta ce, "Ni ban san kwamfuta ba. Amma gaya mini, me malamarku ta ce a ƙidaya?"

"Hotuna."

"Ke kuma me kika ce wa kwamfutar ta ƙidaya?"

Walƙiya ta ce, "Duk abin da ke ciki."

"To ina laifinta? In na ce wa yayanki ya kwaso duk abin da ke cikin gwangwanin nan, ya kawo mini maɓallai da allurai da guntun alli, zan ce ya yi ƙarya? Aikensa aka yi, ya yi."

Walƙiya ta sunkuyar da kai. Mama ta ce wannan ma mai sauƙi ne, ana gyarawa. Abin da ya fi damunta shi ne an tambayi yarinya ko ta duba, ta ce eh, alhali ba ta duba ba. Ta ce wannan "eh" ɗin ita ce ta fitar da ƙawarta daga littafi. Da ta ce ba ta duba ba, da an buɗe an gani tun a ranar.

Maganar ta shige ta sosai. Hawaye ya cika mata ido. Mama ba ta ƙara faɗa ba. Ta tambaye ta ko ta ba ƙawar tata haƙuri. Ta ce ba ta samu dama ba.

"Dama ba ta zuwa har gida ta yi sallama," in ji Mama. Ta ƙwala wa Yaya kira, ta ce ya raka ƙanwarsa tun rana ba ta faɗi ba.

A hanya Yaya ya yi ta tsokanarta. Ya ce ya ji labarin an samu sabon ɗalibi a ajinsu, mai layi uku. Ta harare shi. Da ya ga da gaske ranta a ɓace yake, sai ya bari, ya riƙe mata hannu wajen tsallaka titi.

Gidan su Shiru-Shiru duk kwalaye ne. An sauke labule, an naɗe darduma, an ɗaure tukwane da igiya. Sai a lokacin Walƙiya ta gane cewa tafiyar nan da gaske ce. Ta gaishe da maman ƙawarta, aka nuna mata ɗaki. Yaya ya tsaya a waje.

Shiru-Shiru tana zaune a kan kwali tana jera fensiranta. Walƙiya ta tsaya a tsakar ɗakin, ta fara ba da haƙuri. Ta yi bayanin folda, ta yi bayanin shiri, ta yi bayanin ƙararrawa. Ta yi ta zuba har numfashinta ya ƙare.

Shiru-Shiru ta bari sai da ta gama. Sannan ta ce, "Na tambaye ki ai."

"Yaushe?"

"Ranar. Na ce miki nawa fa."

"Na kuwa gaya miki. Na ce talatin da takwas."

"Ba adadi na tambaya ba. Nawa zanen nake nufi. Ko nawa yana ciki."

Walƙiya ta yi tsaye kamar an dasa ta. Ta tuna hannun da ya ja rigarta. Ta tuna ƙafarta ɗaya a waje. Ashe ƙawarta ta yi ƙarfin hali ta yi magana, ita ce ta ji da rabin kunne. Wannan ya fi dariyar aji yi mata ciwo.

Ta zauna a ƙasa. Can ta ce, "Ban saurare ki ba. Kuma na ce wa Malama na duba, ban duba ba. Ki yafe mini. Don Allah ki kawo zanen gobe."

Shiru-Shiru ta ci gaba da jera fensir. Ta ce ita dama tafiya za ta yi, kwana kaɗan kowa zai manta da ita, da shafi da babu shafi duk ɗaya ne. Walƙiya ta ce ba ɗaya ba ne. Ta so ta ƙara magana ɗari, amma ta danne.

"Zan gani," in ji Shiru-Shiru. Iyakar abin da ta samu ke nan.

Washegari Walƙiya ta riga kowa zuwa makaranta. Ta tarar da Malama tana buɗe ɗakin kwamfuta. Ta gaishe ta, ta faɗi gaskiya cewa ranar ba ta buɗe foldar ba. Malama ta ce ta riga ta gane, amma ta ji daɗi da ta faɗa da bakinta. Ta ce yanzu sai a gyara shirin kafin zanen ya iso, in zai iso.

Malama ta nuna mata wani abu da ba ta taɓa kula da shi ba. Kowane fayil, wato duk abin da aka ajiye a folda, yana da suna, bayan sunan akwai ɗigo, bayan ɗigon akwai 'yan haruffa. Malama ta ce ita wutsiya take kiran haruffan nan, kuma da wutsiya ake gane irin fayil. Hotunan suna ƙarewa da jpg. Shirin Walƙiya yana ƙarewa da py. Don haka sai a ce wa kwamfuta ta dubi wutsiyar kowane fayil, in jpg ce ta ƙidaya, in ba ita ba ce ta tsallake.

Walƙiya ta ƙara layin. Tana rubutu tana leƙen taga. Yara suna ta shigowa ta ƙofar makaranta, babu Shiru-Shiru. Ta danna.

Lamba ta fito: 34.

Jiya ta ƙidaya talatin da bakwai da yatsanta. Ina uku suka shiga? Ta miƙe zumbur. Har ta kai ƙofa, za ta ruga aji ta sanar cewa hotunan mutum uku sun ɓace. Hannunta na kan marfin ƙofa sai ta tsaya.

Ta juyo. Malama tana kallonta. Walƙiya ta dawo ta zauna. Ta sa hannu ta danne gwiwarta don ta daina rawa, ta buɗe foldar, ta fara bin wutsiyoyi ɗaya bayan ɗaya.

Aikin ya ɗauki lokaci. Sau biyu idonta ya tsallake layi, ta koma farko. Daga baya ta gano su. Hotuna biyu wutsiyarsu JPG ce da manyan baƙaƙe. Ɗaya kuma png ce. Duka ukun suna nan lafiya, babu abin da ya same su.

Ta ce, "Malama, ai jpg da JPG abu ɗaya ne."

"A wurinki," in ji Malama. "A wurin shirinki ƙaramin baƙi daban, babba daban. Bai san komai ba sai abin da kika gaya masa."

Malama ta bayyana cewa biyun da tsohuwar kyamarar makaranta aka ɗauke su, ranar da cajin wayarta ya ƙare. Na ukun kuma a kwamfuta mai shi ya zana. Ta tambayi Walƙiya yadda za a yi. Yarinyar ta yi tunani, tunani na gaske, ba irin wanda ake yi a guje ba. Ta ce a sa shirin ya mai da kowace wutsiya ƙananan baƙaƙe kafin ya duba, kuma a gaya masa png ma hoto ce. Malama ta gyaɗa kai, ta nuna mata yadda ake rubutawa.

Ta danna. Talatin da bakwai. Ta sake bin foldar da yatsa don ta tabbatar. Talatin da bakwai. A karon farko shirin da idonta suka faɗi magana ɗaya. Ta kuma cire shirin daga foldar hotuna, ta ba shi nasa wurin.

Amma talatin da bakwai ba shi ake nema ba. An shiga aji, an yi darasin farko, gefen bencinta babu kowa. Walƙiya ta dubi ƙofa, ta dubi allo, ta dubi ƙofa. Malamin lissafi ya tambaye ta ko an ajiye mata wani abu a bakin ƙofar ne. Rana tana ta ɗagawa, inji kuma ba ya jiran kowa.

Ana cikin darasi na biyu aka yi sallama a hankali. Shiru-Shiru ce, ta makara saboda motar kaya ta zo gidansu. A hannunta akwai takarda a naɗe, an ɗaure da zare.

Da aka fita tara, su biyu da Malama suka tafi ɗakin kwamfuta. Shiru-Shiru ta kwance zaren ta shimfiɗa takardar a kan tebur. Walƙiya ta riƙe baki.

Ajinsu ne gaba ɗaya, a ƙarƙashin bishiyar filin wasa. Ga mai barci a darasi, an zana shi yana hamma. Ga tagwayen aji suna faɗa a kan ƙwallo. Kowa ka gani ka gane shi. Ga Walƙiya a can gefe tana gudu, ƙafarta ɗaya ta fita daga takardar.

Malama ta ɗaga waya za ta ɗauka. Walƙiya ta ce a ɗan dakata mata. Ta sa yatsa ta fara ƙidaya kawunan da ke zanen, a hankali, tana faɗin sunan kowa a ranta. Ta kai ƙarshe. Ta sake farawa daga ɗaya gefen.

"Talatin da bakwai ne," ta ce. "Ke ba kya ciki."

Shiru-Shiru ta kawar da kai. "Ai ni tafiya zan yi."

"Ba ki tafi ba tukuna. Kuma ko kin tafi, 'yar ajinmu ce ke. Ni ba zan yarda a sake tura talatin da bakwai ba."

Malama ta dubi agogon wayarta. Ta ce akwai ɗan lokaci, amma ba fenti, don ba za a sake jiran bushewa ba. Walƙiya ta zazzage jakarta a kan tebur tana neman fensir mai launi. Shiru-Shiru ta dubi tarkacen, ta zaɓi guda biyu.

Ta sunkuya ta fara. Hannunta ba ya sauri, bai taɓa yi ba. Walƙiya ta ja kujera ta zauna kusa da ita. Ba ta ce yi sauri ba. Ba ta dubi ƙofa ba, duk da ana jin ƙarar igiyar tsalle daga waje. Ta zauna har aka gama.

Shiru-Shiru ta zana kanta a bayan mai gudun nan, 'yar ƙarama, ta riƙe mata gefen riga da hannu ɗaya. Walƙiya ta kalli zanen, dariya da kuka suka zo mata tare. Shiru-Shiru ma ta yi murmushi, har haƙoranta suka fito.

Malama ta ɗauki hoton ta zuba a folda. Walƙiya ta danna shirin. Talatin da takwas. Ta buɗe foldar ta duba da idonta, ta buɗe hoton ƙarshe ta ga ya fito sarai. Sannan ta juya ta tambayi ƙawarta ko ita ma ta gani. Sai da ta jira amsa, ta ji ta da kunne biyu, kafin ta ce wa Malama a tura.

Mai bugu ya amsa cewa ya samu, saura ƙiris da ya ɗora.

Littafin ya fito kafin a rufe makaranta. Da yake zanen Shiru-Shiru ya ƙunshi kowa, mai bugun ya ga ya fi dacewa da tsakiyar littafi, ya baje shi a shafi biyu. Duk wanda aka miƙa wa nasa, nan yake fara buɗewa ya nemi kansa. Yarinyar da ta ce za a manta da ita, ranar hannunta har ya gaji da sa hannu a littattafan 'yan aji.

Malama ta ce kafin a tashi Walƙiya ta gaya wa aji abin da ta koya. Ta miƙe, kuma abin mamaki, ta yi maganar a hankali.

Ta ce, "Kafin ka ƙidaya abu, ka san me kake ƙidayawa. Kwamfuta abin da ka faɗa take yi, ba abin da kake nufi ba, don haka ka duba da idonka. Kada ka ce ka duba in ba ka duba ba. In kuma mutum yana yi maka magana, ka tsaya ka ji ƙarshenta."

Malama ta ce wannan ya isa darasin zango guda. Aka tashi, yara suka ruga waje da littattafansu. Walƙiya ta tsaya ta jira ƙawarta ta gama haɗa jaka, suka taka gida tare a hankali.